Ɗorin Wayar Barakatu

Injin ban ruwa yana ta tatata a bakin garka, ruwa na bin magudana yana shiga fangalin albasa ɗaya bayan ɗaya. Barakatu ta duƙa da 'yar fartanyarta za ta toshe wannan baki ta buɗe wancan, kamar yadda take yi tun maigidanta na da rai. Duƙawar nan ce ta ja mata. Wayar da ta soke a ƙugu cikin naɗin zani ta sulɓe, ta yi tsulum a tsakiyar magudana.

"Innalillahi!"

Ta yar da fartanya ta zura hannu biyu cikin laka. Ruwan ba zurfi, amma ya yi jajir da ƙasa, ga ƙarfin inji na tura shi. Sai da ta bi magudanar da rarrafe, zani ya jiƙe sharkaf, kafin yatsunta su taɓo abin can kusa da fangali na gaba. Da ta ɗago ta, fuskar wayar na nan da haske, har hoton allon Malama Lubna na jiya bai gushe ba. Ta goge ta da bakin mayafi, ta girgiza ta kusa da kunne kamar mai gwada ƙwai. Hasken ya yi ƙifta-ƙifta, ya yi wani kore-kore, ya ɗauke.

Duk garin Sabiyal an san wayar nan da abin da ake yi da ita. Shekarun baya an buɗe wa matan garin ajin yaƙi da jahilci, Malama Lubna na koyarwa. Mata suka cika zaure, masu goyo da masu jika. Ana cikin haka aka yi wa Malama aure ta tare a Maiyama, aji ya watse kamar kasuwar da hadari ya taso wa. Barakatu, wadda ta haura hamsin kuma ta fi kowa shekaru a ajin, ita kaɗai ta ƙi watsewa. Da ta cire albasarta bara, ta sayi babbar waya ta shafawa. Malama takan rubuta darasi a allo ta ɗauki hotonsa ta turo, Barakatu ta karanta da baki ta mayar mata da saƙon murya. A haka karatu ya fara zama. Rubutu ne take gudu. Takan kwafi abin da ke allo cikin littafinta, amma a ce ta ƙago magana daga kanta ta rubuta, sai ta ce hannun da fartanya ta yi wa kanta ba ya jin fensir. Malama ta yi lallashi har ta gaji.

Ta iske Murtala a ƙofar gida, gindin dogonyaro, yana ɗaura jarkar fetur a bayan mashin. Shi ne ɗanta namiji, riƙon gida kuma hannunsa ya koma tun rasuwar uban. Ya karɓi wayar ya danna nan, ya danna can, ya miƙa mata.

"Inna, wagga kam ta tahi. Allah ya hutar da ke."

"Ka ji na ce na gaji?"

"Ni dai na gaji. Duk majalisar da na zauna sai a tare ni: Murtala, an ɗinka ma Inna yunifom? Murtala, aji nawa tsohuwa take bana? Jiya har wani ya ba ni alewa wai in kai miki ta tara."

"Ina alewar?"

"Inna, don Allah."

"An ba ka saƙo ka cinye, kuma kai ka fushi. Tashi ka kai ni Jega wurin masu gyara."

Ya ce ai ta san lokacin ban ruwa ne, ba ya barin inji hannun kowa, sai dai bayan cirar albasa. Ya ce ko ba komai zai sayo mata ƙaramar waya mai tocila, wadda in an kira ta danna kore ta amsa, ita ce daidai da dattijuwa. Barakatu ta san bayan cira na Murtala. Tun bara waccan yake gyara mata ƙyauren ɗaki bayan cira. Ta kuma san ƙaramar waya ba ta ɗaukar hoton allo. In babbar ta tafi, karatu ya bi ta ke nan.

Da la'asar sai ga Ɗanbaba, yayanta, ya shigo daga Aliero gaisuwa. Ɗanbaba mai ɗori ne, gadon gidansu kaka da kakanni. Daga nesa ake kawo masa mutane a bayan mota, ƙafa ta dagargaje, an ce sai yankewa, ya ja ya daidaita ya jera karare ya ɗaure, bayan watanni mutum ya taka da ƙafarsa ya tafi gida. Abu ɗaya ne ba ya son ji a duniya, a ce za a sa wuƙa a buɗe.

Ta ba shi labari. Ya juya wayar a tafin hannu, ya latsa gefenta da babban yatsa yadda yake laluben ƙashi.

"Jega kinka ce? Kin san abin da za su yi mata? Farke ta za su yi. Su zare hanjinta su baje bisa tebur, su ɗauke mai kyau su sa miki ruɓaɓɓe. Barakatu, abin da anka buɗe ba shi komawa yadda shike."

"To Yaya, ruwa ne ya shiga."

"Yadda ya shiga haka zai fita. Jiki shi ka gyara kanshi in an ba shi lokaci. Ke ɗiyar gidanmu ce, ni zan gaya miki haka?"

Ta dubi wuyan hannunta na dama. Tana budurwa ta faɗo daga jaki ya karye, Ɗanbaba ne ya ɗora shi, a lokacin ko gemu bai yi ba. Da hannun ta yi daka, ta yi noma, ta ɗauki 'ya'ya, bai taɓa yi mata ko tsami ba. Mutumin da ya yi wannan, a ce bai san gyara ba?

Ya sa aka kawo tsumma mai kauri, ya naɗe wayar tam. Ya fita bayan gida ya yanko karan dawa, ya fere, ya jera su gaba da baya don kada nauyin hatsi ya fasa gilashi, ya ɗaure da zare irin ɗaurin da yake yi wa hannun jariri. Ya yi bisimilla ya tofa. Sannan ya hau rumbu da kansa ya tura ta can cikin gero har gwiwar hannu.

"Gero zai tsotse ruwan. Kada ki kwance, kada ki leƙa. Mai gaggawar kwance ɗori shi ka gurguncewa."

"Gaskiya ne, Kawu," in ji Murtala da sauri. "Wallahi gaskiya ne."

Saurin nan bai kwanta wa Barakatu ba. Murtala bai taɓa yarda da maganar kawunsa ba tare da gardama ba. Amma ta sake duban wuyan hannunta, ta bar wayar cikin gero.

Kwanakin da suka biyo baya ta yi su kamar mai jinya. In za ta garka sai ta bi ta gindin rumbu, in ta dawo ta sake bi. Da hantsi, lokacin da saƙon Malama ya saba shigowa, takan tsinci hannunta ya kai ƙugu yana laluben abin da babu. Ta ɗauko littafinta ta maimaita tsofaffin darussa har ta haddace su, ta rasa ko karantawa take ko tilawa. Abin da ya fi ci mata rai, Malama na can Maiyama tana turo darasi ba amsa. Za ta ɗauka ita ma ta bi sahun sauran matan.

Murtala ya cika alkawari karon farko a tarihi. Ya kawo ƙaramar waya sabuwa fil cikin kwalinta, ya ajiye mata bakin ƙofa. Ta yi godiya, ta sa masa albarka. Washegari ya shigo ya iske ta duƙe bakin akurki, ta zura wayar ciki tana haskawa.

"Inna, mi kike yi?"

"Ƙwan zabuwa nike dubawa. Ba tocila kac ce ba? Tana da haske, Allah shi yi maka albarka."

"Ko layi ba ki sa mata ba."

"Layina na wurin jinya."

Ranar da Ɗanbaba ya ce a kwance, ya zo da kansa. Aka tono ƙunshin daga gero. Tun kafin a gama warware zare Barakatu ta ji warin, irin na tufafin da aka ninke ba su bushe ba. Tsumman ciki da danshinsa. A ƙarƙashin gilashin wayar wani tabo ya kwanta kamar taswirar gulbi. Aka danna, shiru. Aka kai wurin mai caji ta wuni a jone, ko ɗumi ba ta yi ba.

Ɗanbaba ya shafa gemu ya ce, "Kwananta ya ƙare. Ko mutum in ajali ya zo, ɗori ba shi hana shi."

"To kin gani, Inna," in ji Murtala. Ya yi ƙoƙari ya ɓoye murnarsa, ta dai leƙo ta gefen baki.

Barakatu ta ɗauki wayar. Ta tattara tsumma da karare da zare, ta mayar da ɗaurin yadda ta same shi, ta shige ɗaki.

Ranar kasuwar Jega, Murtala ya yi sammakon garka. Ita kuwa ta yi wanka, ta ɗaura zaninta na zuwa biki, ta yafa babban mayafi. Zinatu, matar Murtala, na tsakar gida tana tankaɗe.

"Inna, ina zuwa da kwalliya haka?"

"Asibiti."

"Subhanallahi! Wa ba lahiya?"

Ta ɗaga mata ƙunshin. "In mijinki ya tambaya, ki ce na kai mara lahiya inda ya ƙi kai shi."

A bakin hanya ta sami a-kori-kura ta wani maƙwabci, an yi mata lodin buhunan albasa har sama. Gaba ya cika, ta ce ba komai, aka ɗaga ta bisa buhuna. Haka ta bi ta Aliero, ta wuce ta bakin unguwarsu ba ta ko waiwaya ba, warin albasa na sa ta hawaye, hannu ɗaya riƙe da igiyar lodi, ɗaya dafe da ƙunshi a ƙirji.

Layin masu gyaran waya a Jega 'yan shaguna ne ƙanana a jere, kowane da akwatin gilashi cike da gawarwakin wayoyi. Ta wuce na samari masu kiɗa, ta tsaya gaban wani mai furfura a gemu da tabarau a karan hanci. Ta tsaya ta haɗa haruffan da ke saman shagon a zuci, Ru, fa, i. Rufa'i. Ta yi sallama ta ɗora ƙunshin bisa tebur.

Rufa'i ya dubi karare, ya dubi zare, ya dube ta ta saman tabarau.

"Inna, yaya mutanen Aliero?"

"Wa ya gaya maka daga can nike?"

"Kararen ga." Ya leƙa waje ya ɗaga murya. "Kai, ku zo ku ga ikon Allah! An yi ma waya ɗori!"

Maƙwabtansa suka taru ana dariya, wani na tambaya ko an shafa mata man shanu, wani ya ce a kawo mata sanda ta dogara. Barakatu ta bar su suka yi mai isarsu.

"Kun gama? Ranar da ɗayanku ya hwaɗo bisa mashin, kararen ga zai zo nema yana kuka. Malam Rufa'i, ruwa ta hwaɗa. Buɗe ta."

"Kin yarda in buɗe?"

"Gabana."

Ya hura wa bayan wayar iska mai zafi, ya zura wani ɗan ƙarfe siriri ya ɓanɓare murfin. Ko da ta ji ƙarar, ba ta kau da ido ba. Ya kwance 'yan kusoshi ƙanana kamar ƙwayar riɗi, ya ɗago injin, ya jawo fitila mai madubin ƙara girma ya ce ta leƙa. Ta leƙa. Ko'ina wani abu ne kore da fari ya tsiro, kamar gansakukar gindin randa.

"Kin ga wanga? Shi ne ruwan. Bai tahi ko'ina ba, zama ya yi yana ci. Da ranar da ta hwaɗa kinka kawo ta, in cire batir in wanke in busar, da kin koma gida da ita tana waƙa. Karaya ɗaurewa take so, Inna. Ruwa kuwa ƙofa shike so a buɗe mai. Ku kun kulle ɓarawo cikin ɗaki da kaya." Ya ajiye injin. "Gaskiya ta mutu. In kina so in sayi gilashin da murfin, ki ƙara ki sayi wata."

"Ban kawo ta sayarwa ba."

"Ba taurin kai ba ne, abin ya ci wuri da yawa."

"Ka gwada?"

"Ido na gani."

"Ido!" Ta ja bencin da masu jira ke zama, ta zauna a tsakiyarsa, ta baza mayafi hagu da dama. "Kun yi ma gidanmu dariya, na ji. Mun yi kuskure, mun ɗaure abin da ya kamata a buɗe. Amma abu guda ba a yi gidanmu. Ba a duban ƙafa da ido a ce ta mutu. Sai an ja, an murza, an yi gumi, in ta ƙi sannan a ce Allah bai yi ba. Kai ko gumi ba ka yi ba."

"Inna, ina da aikin mutane."

"Ni aljana ce?"

Ta kwance bakin zani ta ɗauko goro ta ɓantara. Masu kawo gyara suka riƙa zuwa suna tsayawa a rana, don ba wanda ya ga fuskar cewa ta matsa. Rufa'i ya sallami mutum biyu, ya waiwayo, tana nan tana taunar goro, idonta kan injin wayarta. Ya yi tsaki, ya yi dariya, ya jawo kwalbar sifirit da wani tsohon burushin haƙori.

Ya wanke, ya goge, ya busar, ya sake wankewa. Ya ɗauko ƙarfen dalma ya shiga bin wasu hanyoyi da ido ba ya gani sai da madubi, hayaƙi siriri na tashi. Ya gwada, shiru. Ya cire wani ɗan abu daga gawar wata waya ya dasa. Aka kira azahar ya tafi masallaci, ita ma ta roƙi buta wurin mai abinci ta yi tata a bayan shago. Ya dawo ya iske ta ta riga shi komawa benci. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Ya sa sabon batir, ya jona, ya danna.

Gilashin ya yi fari. Tabon gulbin na nan a kusurwa, amma ga haske, ga 'yan hotunan nan nata suna fitowa ɗaya-ɗaya.

"Allahu akbar," in ji Rufa'i, kamar shi aka yi wa gyaran.

Barakatu ba ta yi guɗa ba, goron bakinta kawai ta daina taunawa. Da layi ya kama, saƙonnin Malama suka riƙa shigowa a jere, hotunan allo da saƙonnin murya rututu. Ta kai yatsa ta danna na ƙarshe ta kara a kunne. Ɗan layin na tafiya, alamar Malama na magana, amma ba ta ji komai ba.

Rufa'i ya karɓa. Ya ƙara murya har ƙarshe, shiru. Ya ɗauki tasa muryar ya tura wa wayarsa, ya saurara, iska ma babu. Ya canza lasifika, ya jona abin sawa a kunne, duk ɗaya. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Nan kam na kai iyakata. Ɗan abin da ke ji da magana ya ƙone, kuma manne shike da injin. Ko Sakkwato kinka kai, sai an yi sa'a, wurin cire shi ana iya kashe ta gaba ɗaya. Tana gani, tana nunawa, amma kurma ce kuma bebiya. Ba kira, ba saƙon murya."

Daidai nan mashin ya tsaya bayanta da ƙarfi. Murtala ne, laka har gwiwa, ko wanke ƙafa bai tsaya yi ba. Ya bi shago-shago yana tambayar tsohuwa mai waya da karare, kowa kuwa ya san inda zai nuna masa.

"Inna! Bisa buhun albasa? In kinka hwaɗo mi zan ce ma mutane?"

"Ka ce a kai ni wurin kawunka."

Rufa'i ya yi masa bayani. Murtala ya saurara, ya sauke ajiyar zuciya, ya sassauta murya.

"To Inna, kin yi iyakar yinki, kowa ya shaida. Wayar da ba ta ji ba ta magana mi za ta yi miki? Ke da Malama duk da baki kuke yi. Ki hau mu tahi, ga mai tocila can gida na jira."

Ta dubi jerin saƙonnin da ba za ta taɓa jin abin da ke cikinsu ba. Wataƙila a ciki Malama na tambaya ko lafiya. Wataƙila a na ƙarshen ta yi mata sallama ne, irin wadda ake yi wa ɗalibin da ya gudu. Ƙasan gilashin akwai wani ɗan fili fari da ta saba tsallakewa ta danna alamar magana. Ta san amfaninsa. Ta dai ƙi shi ne, yadda take ƙin fensir.

Ta taɓa shi. Haruffa suka taso daga ƙasa.

"Wa ya watsa su haka?" ta ce. "Ba su bi layi ba."

"Haka suke zuwa," in ji Rufa'i. "Kawo in rubuta miki, ki hwaɗi abin da kike so."

"Kai ka yi naka gumin. Saura nawa."

Ta ɗora wayar a cinya, ta goge yatsa a zani. Yatsan ya yi kauri, ya yi kanta, in ta nufi harafi ɗaya sai ya taɓo maƙwabcinsa. Rufa'i ya nuna mata wurin gogewa, ta kore hannunsa bayan ta gane. Tana nema tana kiran sunan harafin a hankali, in ta same shi ta danne shi kamar mai dasa irin albasa. Masu gyaran da suka yi dariya ɗazu suka sake matsowa. Murtala ya dubi hagu ya dubi dama, ya ja hula ya rufe goshi.

"Inna, mutane na kallo."

"Su kalla. Ba sata nike ba."

Aka daɗe. Mai rake ya wuce, ya dawo, tana kan layi na biyu. Da ta gama ta karanta abinta daga farko, ta gyara wuri ɗaya, ta danna alamar turawa da ƙarfin da ya sa Rufa'i cewa a yi hankali da gilashi. Abin da ta rubuta ke nan: Malama ni ce Barakatu. Ban gudu ba. Waya ta kurmance. Ki rubuto.

Ta biya Rufa'i haƙƙinsa ba ta nemi ragi ba. Ta tattara kararen ta ƙulle a bakin mayafi, ta ce za ta mayar wa mai su, yana da masu buƙata. Murtala ya tayar da mashin. Ta ɗaga ƙafa za ta hau ke nan, wayar ta yi zir a hannunta, ba ƙara, sai rawar jiki. Ta sauke ƙafar ta koma benci.

Ta karanta da ƙarfi, gaɓa-gaɓa, yadda take yi wa Malama a saƙon murya, sai dai yau duk layin masu gyara ne ke ji.

"Al-ham-du lil-la-hi. In-na, yau kin ru-bu-ta da kan-ki. Na yi ta ji-ran ki. Me ya sa-mi wa-yar? Ba ni la-ba-ri du-ka."

"Duka?" in ji Murtala. "Inna, da garka, da Kawu, da rumbu? A yadda kike rubutun ga sai magariba!"

"Malamata ta tambaye ni. Kashe mashin, kana ƙona mai."

Ya tsaya da hannu kan totur, mashin na ta ɓarin hayaƙi. Ba ta sake dubansa ba. Rana ta karkato ta shigo ƙarƙashin rumfa tana dukan gilashin, ta karkata wayar nan, ta karkata can, tana ƙanƙance ido. Can sai ƙarar mashin ta ɗauke. Wata inuwa ta faɗo bisa cinyarta, mai warin laka da fetur, ta tsaya daidai kan wayar.

"Matsa dama kaɗan," ta ce, ba ta ɗago ba.

Inuwar ta matsa. Barakatu ta sake goge yatsa a zani, ta shiga neman harafin farko na kalmar ruwa.